Na Raka Sakina Legas Neman Kashin Ƙarfe

Tun da na dawo daga Legas ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin masallaci, a wurin aiki, har a gidan suna, maganar ɗaya ce: "Sabi'u, wai da gaske bola kuka je kwasowa?" In na ba wannan guntun labari, sai ya kai wa wancan ya ƙara masa gishiri. Har na ji an ce gwal muka samo muka ɓoye a buhun albasa. To ga labarin daga farkonsa, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba.

Ni mai buga bulo ne a Funtua. Sakina kuwa ƙanwata ce, autarmu, wadda ni na riƙa goya ta a keke zuwa firamare. Yanzu tana da aure da ɗa guda, tana karatun digiri na biyu kan harkar gine-gine a Zariya. Binciken da ta zaɓa a kan kashin ƙarfe ne. In masana'anta ta narka tsoffin ƙarafa za ta yi rodi, akwai dattin da ke tasowa sama, a kwashe shi a zubar, in ya huce ya zama kamar baƙin dutse mai ramuka. Irin kashin maƙera ne dai da muka sani, sai dai shi tsibi-tsibi ake tara shi. Ita so take ta gano ko za a iya niƙa shi a sa a bulo, a rage siminti da yashi. Masana'antun da suka fi yin wannan aiki kuwa suna can gefen Legas. Malaminta ya gaya mata cewa in ba ta kawo samfurin ba kafin zangon karatu ya ƙare, sai ta sauya bincike ta faro daga tushe.

Mijinta ma'aikacin jinya ne, bai samu hutu ba. Sai Inna ta aika a kira ni.

"Za ka raka ƙanwarka Ikko," in ji ta.

Na ce, "Inna, wurin aiki fa? Kuma fisabilillahi, mutum ya bar nan ya tafi har bakin teku don ya kwaso shara?"

"Ni ban san abin da za ta kwaso ba. Na san dai ba za ta tafi ita kaɗai ba, kana numfashi."

Maganar ta ƙare a nan. Aka bar yaron wurin Inna, na bar wa yarana wurin aiki, muka hau ƙaramar bas daga Zariya bayan sallar asuba.

Kusa da ni wani dattijo ne, Malam Isiya, mutumin Aliero, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Kafin mu kai Kaduna ya san sunan kakana, ni kuma na san duk cututtukan da ke kama albasa. Da ya ji abin da zai kai mu, sai ya leƙa Sakina ya ce, "'Yata, kada dariyar yayanki ta dame ki. A Legas ko ɓawon albasa yana da mai saye." Ya sa na adana lambarsa, wai ko za mu buƙaci wani abu. Na adana don kunya kawai.

Bayan mun wuce Abaji aka tsayar da mu a shingen bincike, aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Tawa ba komai sai kaya da sallaya. Ta Sakina kuwa da aka zuge, sai ga safar hannu, ga takunkumi, ga ƙaramar guduma, ga tarin ledoji, ga kuma wata rariya ta ƙarfe. Jami'in ya ɗaga rariyar yana juya ta a rana. Ya tambaye ta da Turanci, ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ni ban tsinci komai ba sai kalmar siminti. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo gare ni da 'yar Hausarsa ya ce, "Wannan madam, tuwo na dutse za ta yi?" Duk motar aka fashe da dariya, har shi. Ya mayar mata da rariyarta ya ce mu tafi.

Da muka hau gadar Lokoja, Malam Isiya ya taɓa ni ya ce, "To daga nan ka ajiye 'sannu', ka ɗauki 'oga'." Ni ruwan nake kallo. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba, sai na ji dam ɗinmu na gida ya koma mini kamar kwano. Direba ya ce ba zai bi hanyar Okene da duhu ba, don haka a Lokoja muka yada zango. Sakina ta samu ɗaki tare da wata mata da muka taho da ita, mu maza muka shimfiɗa a barandar masallacin tasha. Kafin nan mun ci kifi. Na ga romon jajir, mai abincin ta tambaye ni da hannu ko in ƙara yaji, ni kuma don kada a raina Bakatsine na ce ta ƙara. Cokali na farko na ji kunnuwana sun toshe. Sakina ta miƙo mini ruwa, na ga kafaɗunta na rawa don dariya.

Washegari muka shiga ƙasar daji. Bishiyoyi sun rufe hanya dama da hagu, ba ka hango nesa kamar a wurinmu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mata. Su ne a bakin titi, su ne a kan kaya, su ne ke bin mota da gudu da faranti a ka, kuma in suna ciniki sai ka rantse faɗa ake. A wani gari Malam Isiya ya saya mana soyayyiyar ayaba da aka cuɗa da manja da barkono, baƙa ƙirin kamar ta ƙone. Na karɓa ina ɗari-ɗari, na ƙare ina lasar leda.

Da la'asar muka sauka a tashar Berger da ke bakin Legas, inda Mariya ke jiranmu. Mariya 'yar Alhaji Ilu ce, aminin marigayi babanmu, wanda a gidansa za mu sauka a Agege. Tana da shagon atamfa, kuma a Legas aka haife ta. Hausarta tsaf, amma kowace jimla sai ta ɗaura mata wutsiya.

"Broda Sabi'u, sannunku da hanya o. Ka mayar da wayarka aljihun gaba, abeg."

Ta tura mu cikin danfo, wato 'yar bas ɗinsu mai ruwan ɗorawa. Kwandasta na rataye a ƙofa yana ihu, ya ce mana wani abu da tsawa. Ni har na fara tattara riga zan sauka. Mariya ta mayar masa da Yarabanci da tsawar da ta fi tasa, sai na ga ya yi dariya ya matsa ya ba mu wuri. Na tambaye ta me ya faru. Ta ce, "Ba komai, gaisawa muka yi."

Agege ta ba ni mamaki ta wata fuskar. Muna shiga layin su Alhaji sai na ji kamar an dawo da ni gida: ga mai shayi, ga mai tsire, ga rediyo na Hausa, ga dattawa a kan tabarma da carbi. Amma yaran da ke ƙwallo a layin, da Hausa za su fara zagin juna su ƙare da Yarabanci. Alhaji Ilu fataucin goro ya gada. Yana bugun ƙirji shi Bakano ne, alhali a nan aka yanke masa cibi, kuma in ya je Kano kwana kaɗan yake yi ya ce zafi ya dame shi. Da ya gan ni sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce, "Tafiyar babanka ce sak." Muna cikin haka wani saurayi ya shigo, kawai sai na ga ya zube rub da ciki a gaban Alhaji. Na zabura zan ɗaga shi, na ɗauka farfaɗiya ce. Ashe gaisuwa ce, ɗan ƙanen matar gidan ne.

Matar gidan, Alhaja, Bayarabiya ce, doguwa mai murya. Ta iya Hausa, sai dai ba ruwanta da namiji ko mace, kowa "kai" ne. Ta kawo mana amala da wata miya mai yauƙi da suke kira ewedu. Na yi loma ɗaya na ce, "Ai wannan lalo ne!" Ta ce a'a, ewedu ne. Muka yi ta ja har Alhaji ya raba mu, ya ce tun aurensu suke wannan gardama ba a gama ba. Da safe kuwa burodin Agege ne, mai laushi da nauyi, da dafaffen wake da aka dama aka zuba masa baƙin yaji. Wannan kam ko a gaban Inna zan faɗa, ya fi ƙosai da koko riƙe ciki.

Ni a ɗakin zaure aka sa ni. Gidan dogo ne, ɗakuna na kallon juna, kuma layin dogo na bayansa. Ranar farko da jirgi ya wuce na ɗauka ginin ne zai faɗo. Da yake idona na mai bulo ne, na duba bangon sosai, na ga ashe danshi ya cinye shi daga ƙasa har gwiwa. A can ruwa ne abokin gabar gini, ba rana ba.

Sai aikin da ya kai mu. Masana'antar da Sakina ta nufa tana wajen Sango, sai an hau mota an sauka a Iyana Ipaja an sake hawa wata. Tun daga nesa ka hango hayaƙi da tireloli cike da tsoffin ƙarafa sun yi layi. Sakina ta gyara mayafi ta nufi ƙofa da takardar makarantarsu. Mai gadi ya karɓa ya juya ta, ya ce oga ba ya nan, mu dawo gobe. Muka dawo. Oga yana taro. Muka sake dawowa, aka ce wanda ke karɓar irin wannan takarda ya tafi hutu. Ba wanda ya yi mana wulaƙanci, har benci aka ba mu, amma ƙofar ba ta buɗe ba. Abin haushin, ta saman katanga muna hango tsibin kashin ƙarfen, baƙi, ya fi gidan sama tsawo.

Na ce, "Sakina, in kama miki ki haura?"

Ba ta yi dariya ba. A danfo muna komawa na ga ta juya fuska wajen taga tana goge ido da bakin mayafi. Ta yi kewar ɗanta, kwanakin da makaranta ta ba ta suna ƙarewa, ga shi ko tsakuwa ɗaya ba ta samu ba. Sai a ranar na ji abin ya taɓa ni. Na tuna yadda take zama da littafi a tsakar gida tana ƙarama, ana hira ba ta ji. Na ce mata ba zan koma Funtua ba sai da buhu a kaina, ko da zan kwana a bakin ƙofar nan.

Mariya ce ta ce mu huta da Sango na yini ɗaya, ta kai mu wani fili a gefen layin dogo inda 'yan Arewa ke harkar ragowar kayan masana'antu. Ni da na ji an ce bola, na zaci ƙazanta zan gani. Sai na tarar da kasuwa sosai, kowane kaya da ɓangarensa. Ga gutsattsarin soso daga masu yin katifa, mata na saye suna cusa wa filo. Ga ragowar roba daga masu yin silifa, ana niƙawa a mayar. Ga fasassun kwalabe an ware su launi-launi. Yawancin masu aikin samari ne 'yan ci-rani, wasu ma daga ƙauyukan da ke kusa da mu. Wani mutumin Maraɗi da ke kula da wurin ya zaga da mu, har muka iso wani tsibi na farar laka da ta bushe ta tsattsage.

"Wannan fa?" in ji Sakina.

"Wannan ita ce ta gagare mu, madam. Daga wurin masu fenti take zuwa a gindin durom. Mu durom ɗin muke so. Ita ba mai saye, kuma in ruwa ya sauka sai ta bi kwata."

Sakina ta sa safar hannu ta tsuguna, ta gutsura, ta murza, ta ɗiba a leda. Ta yi ta yi masa tambayoyi: me ke saurin fita, me ke kwantai, me ke sa wa yara ƙaiƙayi a hannu. Shi kuma ya ji daɗi an tambaye shi, ya sa aka kawo mana lemo. Da muka fito fuskarta ta sake. Ta ce, "Yaya, ka san 'yan ajinmu nawa ke yawo suna cewa ba su da abin da za su yi bincike a kai? Ga shi nan a zube, ruwa na tafiya da shi."

Da yamma muna zaune a tsakar gida, Alhaja na gyaran barkono, sai ta ce, "Wai kai Sakina, menene wannan abu da kake nema kullum kana dawowa da fuska haka?" Sakina ta nuna mata hoto a waya. Alhaja ta kawo wayar kusa da ido, ta nisanta ta, sai ta saki dariya har tana buga cinya.

"Wannan? Wannan baƙin dutse? Shi aka zuba a layin su Iya Risi saboda taɓo! Mijinsa ne ke kawowa da tifa."

Iya Risi ƙawarta ce, tare suke zuwa wurin karatun mata ranar Lahadi. Alhaja ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba, ta sa mu gaba. Layi biyu tsakani, sai ga mu muna tafiya a kan abin da muka yi ta safa da marwa a kansa. Sakina ta tsaya cak tana kallon ƙasa. Na ce to ai shi ke nan, a kawo shebur. Ta ce a'a, ba a bincike da abin da ba a san daga inda ya fito ba, da lokacin da aka zubar da shi. Dole sai daga tushe.

Mijin Iya Risi ya fito ɗaure da tawul a ƙugu. Alhaja ta yi masa bayani da Yarabanci, hannu na tashi sama da ƙasa. Ashe daga masana'antar nan ta Sango yake kwasowa, amma su ta ƙofar baya suke shiga, kuma ba oga ke ba su izini ba, wata injiniya ce mai kula da sharar kamfanin. Nan take ya kira ta ya miƙa wa Sakina wayar. Sakina ta fara da Turanci, can sai na ji ta koma Hausa tana dariya.

Sunanta Injiniya Ladi, mutuniyar Filato ce, Kirista, ta daɗe a Legas. Da muka je washegari a gaban tifa, ita da kanta ta tare mu da hular kwano a ka.

"Kai, 'yan gida! Tun yaushe kuke zuwa ƙofar gaba? Da kun zo baya ai da tuni kun gama. Na yi kewar Hausa, wallahi."

Ta ba mu huluna da takunkumi. Ta kawo wa Sakina takalmin aiki, ta ce ni ma a nemo mini. Na ce a bar shi, nawa sabo ne, mai kauri, na saya musamman don tafiyar. Ta ce to in bi bayanta kawai, kada in hau ko'ina.

Ciki kamar wata duniya. Ƙara ba ka jin maganar na kusa da kai, ga zafi na dukan fuska daga inda ake narkar da ƙarfe. Muka zaga baya wurin tsibin. Su biyu suka tsaya suna magana, ni kuma na hango wani dunƙule mai sheƙi a ɗan sama, na ce bari in ɗauko wa Sakina. Na taka na hau. Sama ya huce, ya yi toka-toka, ashe cikinsa da sauran wuta. Na fara jin ɗumi a tafin ƙafa, sai wari, na ɗaga ƙafa sai na ga takalmin yana zare kamar cingam. Yadda na diro daga wurin nan, ma'aikatan da ke gefe har tafi suka yi mini. Ƙafata ba ta ƙone ba, Allah ya kiyaye, amma takalmin ya gama aiki. A cikin wasu manyan takalman roba na aro, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma, na ƙarasa ranar.

Injiniya Ladi da ta gama dariya sai ta ce abin da ya same ni shi ne darasin farko. Sabon kashin ƙarfe ba a amince masa. Ko ya huce, akwai wani abu kamar farar ƙasa a cikinsa da ke kumbura in ya sha ruwa, shi ya sa wanda ya daɗe a fili ruwa da rana sun dake shi ya fi kwanciyar hankali. Sakina ta ce ta karanta haka, kuma shi ya sa take son ta ɗiba daga tsohon tsibi da sabo, ta gwada su dabam-dabam.

Matar nan ta dube ta da kyau ta ce, "Ke da gaske kike. Yawanci ɗalibai in sun zo hoto suke ɗauka su tafi." Sai ta shiga zayyana mata damuwarta. Tsibin kullum ƙaruwa yake, fili na ƙarewa. Ga ƙurar da suke tacewa daga hayaƙi, tana tara ta a buhuna ba ta san inda za ta kai ta ba. Ga ruwan da ke gangarowa daga tsibin da damina, tana so a auna a ga me yake ɗauke da shi kafin ya shiga rijiyoyin mutane. Ga tsoffin tubalan cikin tanderu da ake cirewa a jefar. Ta ce, "In kina da abokai masu neman aiki, ki turo su. Ni ba ni da lokacin bincike, ina da sharar dai."

Muka cika buhuna, Sakina na rubuta wa kowanne alama. A nan wata matsalar ta taso, don buhun da bai kai rabi ba sai mutum biyu sun kama. Ba bas ɗin da za ta ɗaukar mana su. Ina tsaye cikin takalman aro ina tunani, sai Malam Isiya ya faɗo mini a rai. Na kira shi. Ya ce, "Ɗan Funtua! Motocin da suka kawo mana albasa ai wayam suke komawa. Ku kawo."

Mijin Iya Risi ya kai mana su har Mile 12. Kasuwar nan in ka rufe ido ka saurara, ka ce a Arewa kake. Wani ɗan dako ƙaƙƙarfa ya zo da gadara ya cafki buhu ɗaya zai saɓa, buhun ya ƙi motsi. Ya sake gwadawa, ya miƙe ya riƙe ƙugu.

"Alhaji, me ke ciki?"

Na ce, "Kashin ƙarfe."

"Kashin me?"

"Ƙarfe."

Ya dubi abokansa ya ce, "Ku zo ku ji, yau ƙarfe ma ya yi kashi, kuma Arewa za a kai." Su huɗu suka taru suna dariya suka loda. Malam Isiya ya ƙi karɓar komai, ya ce in dai an yi bulon a aiko masa da hoto.

Ranar da za mu taho, Alhaji Ilu ya ba ni goro a ganye in kai wa Inna. Mariya ta ba Sakina atamfa. Alhaja ta cika mana leda da burodi, ta rungume Sakina ta ce, "Kai ka gama karatu ka dawo, ka gyara mana layi." Ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma, ewedu ne." Na ce lalo ne. A haka muka rabu. Burodin dai kafin Lokoja wani fasinja ya zauna a kai, ya iso Funtua kamar gurasa, amma an cinye shi.

Buhunan sun riga mu isa. Aka kai Zariya aka niƙa, Sakina ta yi nata gwaje-gwajen a makaranta, malaminta ya amince ta ci gaba. Sannan ta kawo sauran wurin aikina, ta ce tana so a buga bulo na gaske, irin wanda ake gini da shi, a ga yadda zai yi a fili. Ta ba ni awo iri biyu, duka da tsohon kashin ƙarfe. Ni kuma na ce a bar ni in yi nawa haɗin, don na ga sabon ya fi kama hannu, kuma in an zuba shi da yawa siminti kaɗan zai ci. Ta ce, "Yaya, zai kumbura fa." Na ce ina buga bulo tun tana rarrafe. Ta yi murmushi ta ce, "To yi naka, shi ma gwaji ne."

Muka ja 'yar katanga a bayan wurin aiki, kashi uku, biyu nata ɗaya nawa. Bulon ya fito da duhu-duhu, da nauyi, gwanin kyau. Masu wucewa suka riƙa tsayawa, har wani ya ce in buga masa na ɗaki. Na ce ba na sayarwa ba ne tukuna, sai mai shi ta ba da izini.

Damina ta sauka ta zauna. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na zaga bayan wurin aiki kamar yadda na saba. Nata biyun suna tsaye lafiya, na sa kafaɗa na tura ba su motsa ba. Nawa kuwa ya tsage tun daga sama har ƙasa, har ɗan yatsa na shiga. Na ɗauko waya na kira Sakina.

"Yaya, ina kwana? Ya katangarmu?"

"Naki suna nan. Nawa ya tsage."

Na ɗauka za ta ce ai ta gaya mini. Sai na ji ta yi ihu kamar an yi mata albishir.

"Da gaske? Ta ina ya fara? Yaya, don Allah kada ka taɓa, kada ka bari yaranka su liƙe. Ga ni nan zuwa."

Kafin azahar ta sauka daga motar Zariya, da goyo a baya da ma'auni a hannu. Ta miƙa wa ɗaya daga cikin ma'aikatana yaron, ta tattare zani ta tsuguna a cikin taɓo. Ni ma na tsuguna kusa da ita. Tana aunawa tana faɗa, ni ina riƙe mata bakin ma'aunin.

Da ta gama ta ɗago ta ce, "Yaya, akwai sauran sabon a buhu?"

Na ce akwai.

"To gobe ka sake buga mini irin naka, daidai yadda ka yi. Ina so in ga ko zai sake tsagewa."

Na ce mata in dai bulon da zai tsage ne, ta kwantar da hankalinta, ta samu gwani.